Ɗan masunta a ƙasar da babu kogi

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan Yawuri ne, ina shekara ta uku a Kulliyar Shari'a a nan Madina. Mahaifina masunci ne, a cikin jirgi na tashi. Zangon da ya wuce, ni da abokaina uku muka riƙa ɗaukar hayar mota daren Alhamis mu tafi Yanbu da ke bakin Bahar Maliya kamun kifi, ba ma dawowa sai daren Asabar. Sau huɗu muka je. Wani lokacin kuma mu hau duwatsun bayan gari. Na yi ta fashin darasin safiyar Lahadi, ƙarshe na faɗi fara'id, wato darasin rabon gado. Wani ɗan'uwanmu ya nuna wa Baba hotona riƙe da kifi, da na kira shi abin da ya ce kawai shi ne, "Da kamun kifi nake so ka yi, da ban bar ka ka tafi ba." Ranar na rantse ba zan ƙara fita ko'ina ba sai na gama karatu. Yau wata biyu daga ɗaki sai aji sai Harami. Amma barci ya ƙaurace mini, ina karatu ba ya zama, ƙirjina kullum a cunkushe. Abokin ɗakina ya ce shaiɗan ne ke raya mini. Ina jin kunyar in ce ina kewar kogi alhali ina zaune a garin Manzon Allah (SAW). Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Maganar kunyar nan da ka rufe wasiƙarka da ita ta fi komai tsaya mini a rai, saboda haka da ita zan fara.

Nana A'isha ta ba da labari, Bukhari kuma ya ruwaito, cewa da Muhajirai suka iso Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Sayyidina Bilal. Shi Bilal, in zazzaɓin ya ɗan sake shi, sai ya ɗaga murya yana rera baitoci. Yana cewa ko zai sake kwana a kwarin nan na Makka da ciyawar izkir da jalil suka kewaye shi, ko zai sake gangarawa ruwan Majanna, ko duwatsun Shama da Ɗafil za su sake bayyana gare shi. Ka duba abin da yake kewa: ciyawa, ruwa, dutse. Kuma a Madina yake, Manzon Allah (SAW) yana raye, yana ganinsa safe da yamma. Da labari ya kai ga Annabi bai tsawata masa ba, bai ce imaninsa ya raunana ba. Addu'a ya yi, ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya kuma sa ta zama mai lafiya gare su. To wane ne kai da za ka ji kunyar abin da Bilal ya rera da murya a sama? Ka riƙi addu'ar nan, ka bar zargin kanka a kan wannan.

Ni ma ɗan bakin ruwa ne, daga kwarin Haɗeja na zo garin nan ina saurayi kamarka. Ba wanda ya gaya mini kafin in taso cewa ƙasar nan ta Saudiyya, duk girmanta da ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina. Kwaruruka ne kawai, busassu, sai an yi ruwan sama su tashi. Ruwan da kake alwala da shi a famfo ma, da yawansa na teku ne da aka tace a Yanbu aka turo ta bututu. A shekarata ta farko an yi ruwa da dare, da safe aka ce kwarin Aƙiƙ ya kawo. Na fita da gudu. Na tarar da ruwa ja wur kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa da kumfa, mutane sun yi layi a gefe suna kallo, yadda mutanen Madina suka saba yi tun zamanin da. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, ban san lokacin da na tuɓe takalmi na naɗe wando ba. Wani dattijo ya riƙe mini hannu, ya ce, "Ya waladi, wannan ba irin ruwan da ka sani ba ne." Na tsaya a nan har azahar, hawaye na zuba. Bayan 'yan kwanaki na koma, yashi ne da tsattsagaggen laka. Don haka abin da ke ƙirjinka na san shi, ba labarinsa na ji ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye maka ba: ka yi laifi a zangon da ya wuce. Ina so ka gane daidai inda laifin yake, domin na ga ka ɗora shi a inda ba nan ba. Mu lissafa tare. Daga Madina zuwa Yanbu ya haura kilomita 200, zuwa da dawowa sama da 400. Kun tashi daren Alhamis, kun kwana a bakin teku ido biyu, kun ƙara da daren Juma'a, kun kamo hanya daren Asabar. Wanda ya yi haka, ko ya shiga aji ranar Lahadi gangar jikinsa ce kawai ta shiga. Kuma cikin darussa sai ka zaɓi fara'id ka yi wa fashi. Fara'id kamar saƙar taru yake, kai ka fi ni sanin saƙa: ido ɗaya ya kwance, na kusa da shi ma ya tafi. Wanda bai zauna darasin hajabu ba, inda wani magaji ke tare wani, babukan gaba irin su auli da raddi ba za su shiga kansa ba, balle a zo munasakha inda magaji ke mutuwa kafin a raba gado. Ka gode wa Allah da fashin bai kai ga hirmani ba, a hana ka zaman jarrabawar gaba ɗaya. Ban ma taɓo kuɗin mukafa'a, alawus ɗinku na ɗalibai, da ya tafi a hayar mota da fetur ba, ko yaron da ya riƙe sitiyari bayan kwana biyu ba barci. Wannan na ƙarshen ya fi faɗuwar jarrabawa tayar mini da hankali. Da gyangyaɗi ya ɗauke shi daƙiƙa guda a hanyar Badar, da yanzu wata wasiƙar ake rubutawa zuwa Yawuri.

Abin da ya kayar da kai ke nan: lokacin da ka zaɓa, da yawan da ka yi, da raba dare. Iskar da ka shaƙa da ƙafar da ka miƙe ba su ci maka maki ko ɗaya ba. Amma da zafin maganar Baba ya taɓa ka, sai ka haɗa duka ka rantse a kansu.

Ka san gaiwa. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Na sha ganin yara suna haƙo ta da rani, a fasa ɓusasshen laka a same ta a naɗe, ta rame. Ita Allah ya halicce ta a kan haka. Kai wata biyu kawai ka gwada, ga barci ya gudu, ga hadda ta ƙi zama. Jikin da ya tashi yana tuƙa jirgi tun asuba, yana jan taru, yana wuni a rana, ba za ka kulle shi tsakanin gado da kujera ya ba ka barci da dare ba. Bai gaji ba, da me zai yi barci? Abokin ɗakinka yana nufinka da alheri, amma shaiɗan ba ya buƙatar wahala a kan wanda ya hana kansa abin da Allah ya halatta. Ka tuna abin da Salmanu ya gaya wa Abu Darda'i, cewa Ubangijinka yana da hakki a kanka, kanka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Game da rantsuwa, kai ɗalibin Shari'a ne, tunatarwa kawai zan yi. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta fayyace ta: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. In da sunan Allah ka rantse, ka kai wa ɗaya daga malamanka lafazin da ka furta yadda yake, ka fita daga ciki ta ƙofa. Kar ka zauna cikin rantsuwar da ke cutar da karatun da ka yi ta dominsa.

Abin da nake so ka koma yi ƙarami ne, har za ka iya raina shi. Kullum, bayan sallar asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ka fita ka yi tafiyar minti arba'in da ƙafa. Kwarin Aƙiƙ ga shi nan kusa da ku, kwarin da hadisi ya kira mai albarka, inda rijiyar Urwatu ɗan Zubairu take, an kuma gyara wani ɓangaren gefensa don masu tafiya. Kar ka tafi hannu rabbana. Yanki 'yar takarda ka rubuta mas'ala ɗaya ka sa a aljihu. Yau masu gadon rabi: miji, 'ya, 'yar ɗa, shaƙiƙiya, 'yar'uwa ta uba, da sharaɗin kowannensu. Kana tafe kana maimaitawa a baki, in ta kakare ka zaro takarda ka leƙa. Gobe masu rubu'i da sumuni. Almajiran ƙasarmu da yawa a tafe suke tilawa, ba yau aka fara ba. Ni dai abin da na haddace ina tafiya ya fi zama mini a kai fiye da wanda na haddace a kishingiɗe.

Ranar Asabar kuwa tafiyarka tana nan a shirye tun kafin a haife ka. Ibn Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan je Masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci da ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Daga Harami zuwa Ƙuba kilomita uku ne da 'yan kai, akwai titin da aka keɓe wa masu ƙafa. Ka yi alwala daga masauki, ka sallaci asuba a Harami, ka miƙe. Ka yi nafilarka a Ƙuba, ka san ladan da aka ambata a kanta, ka dawo da ƙafa in da hali. Kafin ƙarfe tara kana ɗaki, ga wuni guda a gabanka na bita. Ka ja abokin ɗakin nan naka ku tafi tare. Ba na jin zai ce wannan ma shaiɗan ne.

Dutse kuma, ai ka zo garinsa. Uhudu yana arewa da Harami, tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar, ja-ja, ya miƙe kusan kilomita bakwai daga gabas zuwa yamma, ƙololuwarsa ta haura mita 1,000 daga saman teku. Shi ne dutsen da Annabi (SAW) ya ce yana son mu muna son sa. Mutane da yawa suna zuwa a mota, su hau ɗan tudun maharba, su ɗauki hoto su juya. Kai ka je da sassafe kafin motocin maziyarta su cika wurin. Ka yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai sallama, ka hau tudun nan da aka tsayar da maharba hamsin ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu a Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, ka juya ka dubi filin. Za ka ga da idonka ta inda dawakai suka zagayo bayan da maharban suka sauka. Darasin sira da ka yi a aji zai zama wani abu daban. Ni duk lokacin da na tsaya a nan sai na tuna cewa abin da ya jawo musiba ranar shi ne barin wurin da aka tsayar da mutum kafin lokaci ya yi, kuma ina ganin kai ma za ka ji wannan a jikinka ba sai na ƙara komai ba.

In za ka hau babban dutsen, ko waɗancan na bayan gari da kuka saba, to sai da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zafin Madina a Yuli da Agusta yana wuce digiri 43, hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Zafin nan busasshe ne, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ƙafe bai sani ba, ba kamar na bakin Kwara da riga ke jiƙewa ta gargaɗe ka ba. Kar ka hau kai kaɗai, kar ka hau da silifa, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, ka bar wa wani labarin inda kuka nufa da lokacin dawowa. Inda aka kafa allo ko shinge, ka tsaya. Iƙamarka, katin izinin zamanka, ta kasance a aljihu. Ka ajiye lambar motar asibiti, 997, da ta kiran gaggawa, 911. In hadari ya haɗu, ko da can nesa ne a kan duwatsu, ka fita daga cikin kwari. Wannan shi ne abin da dattijon nan yake nufi. Kogin garinku yana cika a hankali, kuna ganin alamarsa kwana da kwanaki. Kwarin nan kuwa kana tsaye a busasshen yashi, sama garau a kanka, ruwan da aka yi a wani wuri zai iso maka kamar bango. Ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ta ci mutum sama da ɗari. Ka kuma tuna Madina harami ce tsakanin duwatsun Airu da Sauru, ba a farauta a cikinta, ba a sare itacenta.

Yanbu ban ce ka yafe ta ba. Na ce ka mai da ita ta hutu: sau ɗaya bayan an gama jarrabawa, a tafi da rana, a kwana a yi barci, a dawo da rana. Kuma ka nemi ɗan gari. Akwai 'yan'uwanmu Hausawa da aka haifa a ƙasar nan, kakanninsu suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, za ka ga sunansu na ƙarewa da Hausawi. Cikinsu akwai waɗanda suka san bakin tekun nan kamar tafin hannunsu, sun san inda aka yarda a jefa ƙugiya da inda aka hana, sun san ƙa'idar masu tsaron iyaka kafin a shiga jirgi. Da ɗan gari akan ci gari. Ka je musu a matsayin ɗalibi, domin sanin Kwara ba sanin Bahar Maliya ba ne. A can gida ƙasan ruwa laka ne da yashi, kana shiga ba takalmi. A nan murjani ne mai kaifi kamar reza, yana yanke zare yana yanke ƙafa, ga wani kifi da ke kwanciya kamar dutse, ƙayarsa dafi ce mai kai mutum asibiti. Na taɓa ganin wani tsoho a can yana kamu da zare kawai a yatsa, ya sa guntun jatan lande, ya saki har ƙasa, ya ɗago kamu ɗaya don kar ya maƙale. Da kifi ya taɓa bai ba shi sarari ba ko kaɗan, ya ce kifin hamur in ka bar shi ya koma raminsa to ka yi sallama da ƙugiyarka. Na tuna yadda ake bin giwan ruwa a hankali, a sakar masa zare har ya gaji. Kowane ruwa da karatunsa. Ka koyi sunayen kifayensu, najil da sha'ur da harid, ka ci sayadiyyarsu ta shinkafa da kifi, ka dawo. In hutun ƙarshen shekara ya zo ka je gida, karfasa da kurungu da ragon ruwa suna nan suna jiranka.

In ka yi sati uku ko huɗu kana wannan fita amma barcin bai dawo ba, ko abinci ya fita ranka, ko ka ji rayuwar gaba ɗaya ta ishe ka, ka je asibiti ka gaya wa likita yadda ka gaya mini. Kar ka jira, kar kuma ka bari wani ya ce maka rashin tawakkali ne.

Saura Baba. Ka sake sauraron maganarsa da kunnen ɗan masunci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ruwa ba ƙin ruwa yake yi ba. Ya san sanyin asuba a cikin jirgi, ya san ranar da za a ja taru a fito da ciyawa, ya san abin da rashin hannunka ya rage masa a jirgin nan shekara uku, ya haƙura don ka samo abin da shi bai samu ba. Sai ga hoto a wayar wani, ɗansa yana murmushi riƙe da kifi. Kuma a bakin wani ya ji, wannan ya fi yi masa ciwo. Ban ga inda ka ce ka gaya masa ka faɗi fara'id ba. In ba ka gaya masa ba, ka riga ɗan'uwan nan naku. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da ka san yana gida a zaune. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, na yi kuskure, na faɗi darasi ɗaya saboda yawon nan, zan sake shi, kuma ga yadda na tsara." Ka gaya masa tafiyar Ƙuba ta Asabar, ka gaya masa Yanbu sai hutu kuma sai da izininsa. In ya yi faɗa ka yi shiru har ya gama. In ya ce a'a ga Yanbu, to a'a ce, ka bar ta har ya sauko da kansa, Ƙuba da Uhudu da Aƙiƙ sun ishe ka kafin nan.

In ka ji muryarsa ta yi laushi, kar ka yi saurin ajiye waya. Tambaye shi ruwa ya fara ja ko da saura, wa ke riƙe masa filafili yanzu, tsohon tarun nan an sake shi ko ana ta ɗinki. Sannan ka ba shi labarin kifin da ke gudu rami da ƙugiya, ka tambaye shi da shi ne yaya zai yi da shi.